Ɗakin da Tsohuwar Ta Bayar

Mandawari, Kano.

Zuwa ga Yaya Bukar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti Falmata da yara, Ya kuma sauƙaƙa muku sanyin Ayilan. Mu nan lafiya lau. Baba dai idon nasa sai a hankali, ko manyan baƙaƙe ba ya gani yanzu.

Littafin tsofaffin gajerun labaran Ayilan da ka aiko ya iso. Ɗaya na zaɓa don nazarin da zan miƙa a jami'a: na tsohuwar nan ta ƙauyen bakin teku, wadda ɗanta ya tafi Amurka, ta shekara ashirin tana share ɗakinsa, ranar da gidan maƙwabcinta ya ƙone kuma ta ɗauki mabuɗin ta ba shi. Na rubuta cewa labarin yanke ƙauna ne, uwa ta fid da rai da ɗanta.

Ranar Asabar da hantsi Baba ya ji ina bita, ya ce in fassara masa. Da na gama, ya tambaye ni ko marubucin ya ce ta yi kuka. Na duba, babu. Ya ce to me ta yi bayan ta miƙa mabuɗin? Na ce taga ta buɗe, ta ɗora ruwan shayi. Sai ya ce ban karanta da kyau ba. A ganinsa sharar nan ta shekara ashirin nauyi ce ta ɗora wa yaron, duk inda yake ya san ana jiransa. Ranar da ta bayar da ɗakin, ta sauke masa nauyin. Na sake rubuta nazarin a kan haka, malamina kuma ya karɓa.

Kwana biyu bayan nan Baba ya kira ƙanenmu Isyaku, ya ce tunda aurensa ya matso, ya gyara ɗakinka na soro ya shiga. Littattafanka da rigunanka na zuba a akwati, suna wurina. Ya ce in gaya maka ba fushi ba ne, ka zauna inda Allah Ya ajiye ka da zuciya ɗaya.

Gwaggo Fanna da Kawu Gambo na Shahuci suna gaishe ku. A shafa min kan Muhammad Auwal.

Ƙanwarka,
Nana Hauwa