Inda Hannuna Ya Tsaya

Litinin, 3 ga Maris

Likitan kamfanin inshora ya gama da ni. Ya ce kafaɗar ta warke iya warkewarta, ba gaba ba baya. Wata goma sha ɗaya ke nan tun da saniya mai lamba 412 ta matse ni da ƙofar ƙarfe a wurin tatsa, ita a ganinta ƙaiƙayi take sosawa. Shekara talatin da takwas ina tatsar shanun mutane a nan garin Tulare, ba wadda ta taɓa yi mini haka. Ban riƙe ta a zuci ba.

Yanzu wai sai wani likita daban ya auna abin da ya lalace, ya ba shi lamba. Da diyyar da lambar nan za ta kawo ni da matata Deolinda za mu rayu, tunda tatsa ta ƙare mini. Mutum sukutum, a mai da shi kashi kaza cikin ɗari!

Alhamis, 6 ga Maris

Takarda ta zo daga gwamnatin jiha da sunayen likitoci uku. Kwana goma aka ba ni in zaɓi ɗaya. In ban zaɓa ba, kamfanin inshora ya zaɓar mini.

Biyun farko ban ma iya karanta su ba. Na ukun kuwa: Dokta Bettencourt, a birnin Fresno. Duk Bettencourt ɗin da na sani daga tsibirinmu na São Jorge ya fito. Na ce shi ke nan, ɗan gida ne.

Deolinda ta ce, "Cleto, likita kake zaɓa ko suruki? Akwai ofishin da ke taimaka wa mutane kyauta, ga lambar a ƙasan takarda."

Maimakon in kira su, sai na kira abokina Belmiro. Tare muka zo ƙasar nan da shi. Ya ce, "Namu ne, kar ka tsaya wani tunani. Ka dai je kamar mutum, kar ka ba mu kunya."

Talata, 8 ga Afrilu

Gobe ne ganin likita. An goge kwat ɗina na coci. Cuku rabin ƙwarya, da burodi mai zaƙi guda biyu. Kakata ba ta taɓa zuwa gun likita hannu rabbana ba, ko kaza ce sai ta ɗauka.

Laraba, 9 ga Afrilu

Mace ce.

Yarinya ma, ba ta kai 'yata ba. Daga jihar Ohio. Sunan na tsohon mijinta ne, ta ce canza takardu ne ya yi mata wuya. Na gaishe ta da yarenmu, ta yi murmushi irin wanda ake yi wa kurma.

Cukun ta ƙi karɓa. Doka ta hana, in ji ta. Na tsaya riƙe da shi a tsakiyar ɗaki kamar wanda ya zo biki a ranar da ba ita ba.

Sauran dai ya tafi daidai. Na sha ƙwayar ciwo biyu a mota, don kar in yi ta yamutsa fuska gaban mutane. Ta ce yaya jiki, na ce lafiya lau, mun gode Allah. Kana iya sa riga da kanka? Ina iyawa. Barci fa? Kamar jariri. Ta kawo wani ma'auni mai kama da almakashi ta ɗora a kafaɗata, ta ce in ɗaga hannu iya yadda zan iya. Na cije haƙora na kai shi sama. Ɗakin ya yi duhu, na ga taurari, amma ya kai. Ta ce, "Madalla, Mista Furtado."

A hanya Deolinda ta tambayi abin da na faɗa. Na ce na fita kunya. 

Alhamis, 10 ga Afrilu

Hannun ya ƙi motsi sam. Deolinda ce ta ba ni miya a baki.

Litinin, 19 ga Mayu

Kashi shida cikin ɗari, in ji rahoton likita.

Na karanta sau uku. Na juya takardar ko akwai wata lambar a baya. Shida! Belmiro da ya rasa yatsu biyu a injin abincin shanu ya fi ni nesa ba kusa ba, shi kuwa har yanzu yana buga kati da hannun.

Na fara zagin yarinyar. Deolinda ta sa tabarau ta buɗe rahoton, ta karanta mini a hankali kamar karatun coci. "Majinyacin ya ce lafiyarsa lau. Yana sa tufafi da kansa. Yana barci sosai." Ta ɗago. "Wa ke sa maka riga, Cleto?"

Ta ajiye rahoton a gabana.

"A kujera kake kwana tun bara. Wace ƙarya ta yi maka a nan? Nuna mini ɗaya."

Babu. Duk maganata ce, har da mun gode Allah.

Laraba, 21 ga Mayu

Kakata tana da tatsuniyar wani masunci da jirginsa ke yoyo, duk wanda ya wuce ya tambaye shi sai ya ce wanka yake yi. Muna yara mukan yi ta dariya har mu faɗi. Ban tuna yadda ta ƙare ba. Ko kuwa na tuna.

Juma'a, 23 ga Mayu

Mun je ofishin da Deolinda ta faɗa tun Maris. Ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta dai bi da mu ta hanyar da ta fi tsawo don in samu lokacin tunawa.

Wata Misis Vang ta saurare ni har ƙarshe. Da na zo kan ƙwayoyin sai ta rufe ido. Ta ce, "Baba, ba neman aiki ka je ba." Ta ce mahaifinta ma haka ya yi, a gonar strobari ya lalata bayansa. Wai duk sati sai ta ga irina: masu tatsa, masu tsinkar inabi, kowa da kwat ɗinsa. Za ta taimaka mu rubuta a nemi likitar ta sake dubawa, amma ba ta yi alkawari ba. Sai Deolinda ta rubuta abin da take yi mini kullum.

Shafi biyu ta cika. Ban san ya kai haka ba. Har da yanka nama a faranti. Har da abin da ba zan rubuta a nan ba.

Laraba, 25 ga Yuni

Fresno kuma. Ba kwat, ba cuku, ba ƙwaya. Deolinda ta shiga tare da ni, ta zauna da jaka a cinya kamar alƙali.

Likitar ta ce, "Ka ɗaga, inda ciwo ya fara ka tsaya. A nan nake so, ba gaba ba."

Na ɗaga. Ya tsaya.

Na kalle shi. Ko daidai kafaɗa bai kai ba. Wata goma sha huɗu ina tare da hannun nan, ban taɓa tsayawa na ga inda yake tsayawa ba. Wannan ne ya ɗauki buhu biyu a tashi ɗaya. Wannan ne.

Ta ce me ya sa ban faɗa ba tun farko. Na ce ba a tambayar mutum lafiya ya ce babu. Ta ce, "Ni ba gaisuwa nake yi ba." To, wa ya sani?

Alhamis, 31 ga Yuli

Kashi ashirin da bakwai. Deolinda ta yi kuka, ta kunna kyandir. Belmiro ya ce in sayi giya, na ci nasara.

Wai nasara. Takarda da hatimin jiha ta ce fiye da rubu'ina ya tafi, ana taya ni murna.

Lahadi, 3 ga Agusta

Bikin Ruhu Mai Tsarki. Miyar da aka raba bana gishiri ya yi mata yawa, na'ana'a kaɗan.

Shekara ashirin da biyu ni ke ɗaukar babbar tuta daga coci zuwa zauren taro. Bara ma na ɗauka, da bandeji a ƙarƙashin riga. Yau da aka miƙo mini sandar sai na ce a ba surukin Belmiro. Ya riƙe ta a karkace, amma ta isa.

A layin abinci matar Avelino, wani ɗan cocinmu, ta ce, "Cleto, ya kafaɗa?"

Na ce, "Ba ta ɗaguwa."

Ta ce ayya, ta ɗaukar mini farantin har tebur. Ba wanda ya juyo ma.

Zafi ya yi yawa yau. Gobe a duba famfon bayan gida, yana ɗiga. Zan kira wani.