Awa Biyun Malam Idirisa da Suka Salwanta Tsakanin Yamai da Jidda

Daga: Malam Idirisa Maidawa, mai rabon ruwan lambuna, Jiratawa
Zuwa ga: Mai girma Shugaban Kwamitin Sauraron Koken Matafiya, Maraɗi
Kwanan wata: 14 ga Afirilu, 2025

Game da: Ƙorafi a kan Ajans Tashi Lafiya ta Sabon Gari, mai shirya tafiye-tafiye

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mai ƙorafi, dattijon da ya shekara goma sha tara yana buɗe ruwa da rufewa ba a taɓa kama shi da kuskuren minti ɗaya ba, yana gabatar da kokensa kamar haka:

1. Ranar 3 ga Fabrairu, ajans ɗin ta ba shi tikitin Umara mai cewa tashi daga Yamai ƙarfe goma na safe, sauka a Jidda ƙarfe shida na yamma. Awa takwas ke nan. Ya yi guzurin awa takwas. Bayan awa shida cif jirgi ya dire, da sauran kilishi a hannunsa.

2. Kafin a sauka, wani ma'aikacin jirgi ya karɓi agogonsa, ya murza shi gaba da awa biyu, ya miƙo masa yana murmushi. Bai yi gardama ba, don yana cikin harami.

3. A dawowa, ranar 18, ba wanda ya taɓa agogon. Da ya ga na filin jirgin Yamai ya saɓa da nasa, sai ya ɗauka nasu ne ya lalace, har ya tausaya musu.

4. Washegarin isarsa gida ya datse ruwan Hamidu, amininsa na shekara talatin, da ƙarfe takwas yana zaton goma ta yi. Kwana huɗu a jere yana haka. Barkonon Hamidu ya yi yaushi, gaisuwa ta yanke, manoma sun karɓe mabuɗin ruwa. Maiɗakinsa Mansura kuwa ta sha faɗa a kan jinkirin abinci, alhali ita ke da gaskiya, abin da har yau ba ta daina ambata ba.

5. Da ya je ajans neman bayani, sakatare ya ɗauko lemo da tocila, yana juya lemon, wai rana tana riga isa Jidda. Daga ƙarshe ya ɓare lemon ya shanye a gabansa.

Saboda haka yana roƙon mai girma Shugaba ya sa a binciko inda aka ajiye awa biyun nan cikin kilomita dubu huɗun da ke tsakani, a kuma ba shi takarda mai hatimi da zai nuna wa manoma cewa a sama aka ɓata masa lissafi. In da hali, a aiko wakili ya karanta wa Hamidu ita da babbar murya, ta bayan katanga, don ba ya buɗe ƙofa.

Da matuƙar ladabi da biyayya,

Malam Idirisa Maidawa
(sa hannu)