Lambar da Ta Tsaya a Tsakiya

Waterloo, Ontario

Zuwa ga Yaya Bernice,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar taki ta yi sauƙi. Allah ya ƙara lafiya. Mu nan lafiya lau, sai ƙanƙara da ta rufe ƙofar gareji.

Kin tambayi abin da ya haɗa maigidana Gordon da 'yarmu Nadine. Kin san yaren kwamfutar nan da yake yi wa aikin sa kai tun kafin a haife ta. Sashen da ke karanta lambobi masu ɗigo shi ya rubuta, kuma ya fi ji da shi fiye da ni. To, yanzu an ba Nadine aikin gwada sashen.

Yadda ta yi mini bayani, kwamfuta ba ta iya riƙe yawancin irin waɗannan lambobi cif, sai ta ɗauki mafi kusa. Idan lamba ta faɗo tsakiyar biyu daidai, akwai ƙa'idar wadda za a ɗauka, amma da Nadine ta gwada, sai ta ga aikin Gordon kullum ta sama yake ɗauka. Nadine ta rubuta sabon sashe, ta nemi a cire nasa gaba ɗaya. A al'adarsu kuwa ba a shigar da gyara sai mai kula da sashen ya amince, mai kula da shi kuma Gordon ne.

Ranar Lahadi muna cin gasasshen dankali Gordon ya ce mata tsawon shekarun nan ko kare bai yi haushi a kan lambar ba. Ta ce ai kare bai iya lissafi ba, Baba. Ya kira ta sarkin tsegumi, ta ce gado ta yi. Ni dai na ci abincina, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Washegari ya maimaita gwajin da kansa, ya fito yadda ta faɗa. Ya rubuta mata kalma biyun da suke rubuta wa kowa idan sun amince da gyara: “Ya yi.” Daga nan ya sa babbar riga ya fita kwashe ƙanƙara. Ta tagar kicin na gan shi yana kwashe wurin da ya riga ya kwashe da safe. Ya ba ni tausayi, amma ban kira shi ba.

Ki gaida Alistair da su Fiona.

Ƙanwarki,
Lorna