Ranar da Muryar Kaka ta Dawo

Zuwa ga ɗana Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a aikinka. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Babanku da ke ɗan taɓa shi in ya daɗe a tsaye. Yayarka ta koma aiki, jaririnta har ya fara zama.

Maganar kwamfutar nan ce ta sa na zauna rubuto maka. Ranar da za ka tafi ka sa mini sabon tsarin nan na kyauta, ka ce ya fi tsohon sauri. Sauri kam akwai, amma ko bakin titi ba ka kai ba ta fara nuna mini hali. Da farko ta ƙi ganin intanet ɗin gidan sam. Babanku ya ce ai kewarka take yi. Na ɗauko takardar da ka liƙa mini a jikin firij, na bi abin da ka rubuta, na jona kwamfutar da waya kai tsaye zuwa akwatin intanet, na bar ta ta sauke abin da take buƙata, na kashe na kunna, sai ga ta ta kama. Bayan nan na ga babu haruffa masu lanƙwasa. Ina rubuta ƙofa tana ba ni kofa, ni da na yi shekara talatin ina jan kunnen ɗalibai a kan haka! Maƙwabciyarmu mai kemis ce ta nuna mini inda ake ƙara Hausa a saitin madannai.

Wanda ya tayar mini da hankali shi ne sauti. Na buɗe muryar Kakarku, mahaifiyar Babanku, wadda ka naɗa wata biyu kafin rasuwarta. Layin da ke nuna muryar na kunne yana tafiya, amma shiru. Na ƙure ƙara, shiru. Wallahi Auta na ɗauka wajen canjin ne muryar ta goge, kuma ka san ba mu da ita a ko'ina. Kwana biyu ban gaya wa kowa ba, ban kuma kira ka ba don kada ka ɗora wa kanka laifi. Rana ta uku na ce bari in bi saitin ɗaya bayan ɗaya. Ashe tun ranar da ka gwada ta da talabijin, can take tura sautin.

Ina mayar da shi kan lasifikarta, sai ga Kaka a tsakiyar falo tana yi maka faɗa, wai ka matso da abin kusa da bakinta, ita ba za ta yi ihu ba. Can kuma ta ƙwala wa Babanku kira da sunansa na yarinta, Ɗan Baƙi. Yana shan shayi a lokacin, ban ankara ba na ji ya amsa mata da na'am. Ya ajiye kofin, sannan ya ce in mayar daga farko. Sau huɗu muka ji. Washegari yayarka ta kwafe mana ita a wuri uku.

Babanku da yayarka suna gaishe ka, mai kemis ma ta ce in miƙa tata. Ka gaida mini maiɗakinka da kyau. In za ka kira ranar Juma'a, ka zaunar da 'yarka a cinyarka, ina so ta ji tsohuwar da ba ta riska ba.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka