Hannun Baba a Kan Sandar Giya

Yaya, don Allah me ya sa Baba ba ya ɗauke hannunsa daga kan sandar giya in yana tuƙi? Yi haƙuri, na fara da tambaya kafin gaisuwa, abin ne ya hana ni zama. Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali, Allah Ya ƙara rufin asiri. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, Auta kuma an sa shi makaranta, kullum sai an ja shi.

Ka san ban daɗe da fara koyon aiki a gareji ba. Na roƙi Oga aka janyo tsohuwar motar Baba, Allah Ya jiƙansa, don Inna ta ce in ba ta gyaru ba mai sayen ƙarafa zai ɗauka, ta gaji da kaji suna mata ƙwai a ciki. Motar ta tashi, giya duk suna shiga. Sai dai ƙarin giyar nan, wadda ake kunnawa da maɓalli bayan ta huɗu don inji ya huta, ita ce ba ta zama. Ta kama, ta saki, inji ya yi ta ihu. Mun canja mai, mun bi waya, shiru.

Abin da ya ɗaure min kai, in ni kaɗai na fita gwaji lafiya take. Oga na shiga, sai ta saki. Ya ce son motar ne ya sa nake ƙarya. Wallahi Yaya ba ƙarya nake ba. Bambancin kawai, in yana ciki ba ya bari in ɗora hannu a kan sandar, sai ya make ni, wai yanga ce ta direbobin banza. Ni kuwa haka na ga Baba yana yi, ya ɗan janyo ta gefensa.

Yau Inna ta zo da kanta a yi ta ta ƙare. Ta zauna gaba, Oga ya koma baya, kuma ba dama ya make ni a gabanta. Na manta na ɗora hannu. Giya ta kama, ta zauna daram. Oga ya leƙo ya ce in ɗauke, ta saki. Ya ce in mayar, ta kama. Sai ya fashe da dariya, ya ce wani ɗan makunni ne a jikin akwatin giya ya kwance, janyo sandar ke danna shi. Ashe ruwa ba ya tsami banza.

Inna kuwa hannuna kawai take kallo. Da muka tsaya ta goge ido, ta ce in faɗa wa mai ƙarafa kada ya zo.

To Yaya, kai da ka fi ni zama a gefensa, Baba ya san da makunnin, ko dai hannunsa ne ya saba? Oga ya ce in ya ɗaure shi, ba sai na ƙara riƙe sandar ba. Ban san me ya sa ban yi murna ba.

Ka gaida matarka da yara, da Kawu in kun haɗu. Inna da Auta suna gaisuwa. Bari in tafi, Oga ya shige ƙarƙashin mota yana kira in miƙo sufana.

Ƙaninka.