Teburin Bakin Banɗaki

Inna,

Ina gaishe ki. Ya jikin Baba? Ramar da kika gani a hoto ta aiki ce, ina cin abinci.

Na zaga gidajen abincin unguwarmu kaf. A wani gidan abinci mai gilasai, mai wurin ya kalli kayan aikin da ke jikina, ya zaunar da ni bakin banɗaki, alhali tebura ba kowa. Haka na ci na fita.

Bai san ni nake tuƙa motar ma'aikatanmu ba. Yanzu kullum da rana a ƙofarsa nake tsayawa, mutum talatin su sauka, mu tsallaka titi wurin wata tsohuwa mai sayar da abinci. Shi kuwa yana tsaye yana kallo.

Kada ki ce in yafe, Inna. Ki dai roƙa masa lafiyar ido.

Ɗanki.