Gaisuwar Direban Kejetia

Zuwa ga Fadilatu, sanyin idona, inuwar da nake hange in rana ta take, ruwan randata bayan doguwar hanya,

Assalamu alaikum. Ina kwana, ina gajiya? Ya gida, ya su Baba, ya hayaƙin murhu, ya ciniki? Ya ƙafar nan da ke miki tsami in kin daɗe a tsaye? Kin ga na fara da gaisuwa, kuma da gangan na ja ta. Na san malamanki na cikin waya sun ce wanda bai kama zuciyar mai kallo a sakan ukun farko ba ya yi asara. To ni na yarda in yi asarar. Shi ya sa ma na rubuto miki a takarda, don ita ba ta da inda za ki sa yatsa ki ture ni ki wuce gaba.

Jiya da na biyo ta unguwarku Moshi Zango kika gaya mini, kina zuba wa mutane shinkafa da wake ba ki ko ɗago ba, cewa ranar Juma'a za ki goge tsofaffin bidiyoyinki kaf, ki sake sabon lale. Wai wani mai mabiya kamar ƙasa ya ce tsohon aiki yana rage wa sabo farin jini. Na yi dariya a gabanki don kada in ɓata miki ciniki, amma daga nan har tasha ban san yadda na tuƙa motar ba. Raina ya ɓaci, masoyiyata, kuma tsoro ya kama ni.

Kin tuna yadda kike a da? Waya jingine da gwangwanin tumatir, hoto a karkace, rabin fuskarki a cikin tururi, zakaran maƙwabta yana sa baki inda ba a tambaye shi ba. Kafin ki taɓa tukunya sai kin yi sallama, sannan ki bi masu kallonki ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaga dangi ranar Sallah. Ki gaida Mamunatu da aure ya kai Jamus, ki tambaye ta ya sanyi. Ki gaida Abdul-Karim da ke leburanci a Libiya, ki ce masa tsohuwarsa ta zo sayen abinci kuma lafiyarta ƙalau. Sai kin gama da kowa za ki jefa karan dafi da kanwa a ruwa, mu zuba ido har shinkafar ta yi jan nan nata. Ba mu fi cikin mota ɗaya ba, mu masu kallon, amma wa ya taɓa sauka a hanya?

A tashar Kejetia na fara ganinki a waya, ina zaune a motar zuwa garin Techiman ina jiran ta cika. Na rubuta a ƙasan bidiyon cewa wani direba yana kallo kuma yunwa ta kusa kashe shi. Ban sa rai da komai ba. A bidiyo na gaba sai na ji, tsakanin Jamus da Libiya, kin ce kina gaida direban Kejetia, ya hanya, ya fama da fasinja. Wayyo Fadilatu! Na sha jin ana kirana direba, yawanci da zagi a biye, amma ran nan sunan ya zauna mini kamar sabuwar riga. Da ƙamshin da ban shaƙa ba na yi ta tambaya lungu lungu har na iso rumfarki. Kin tuna an yi ruwa ranar, na riƙe lema a kan wayarki na bar ki kina jiƙewa, kika ce da gani wannan bai taɓa zance ba? Gaskiyarki ce, kuma ga shi bayan Babbar Sallah za a ɗaura mana aure.

To daga ina waɗannan malamai suka faɗo mana? Wannan ya ce ki gajarta, wancan ya ce ki tsawaita. Wannan ya ce ki ɗora kullum ko kina zazzaɓi, wancan ya ce yawan fitowa yana zubar da kwarjini. Wani ya ce ki bar Hausa ki koma Turanci, wani ya ce ki wage baki a hoton farko kamar wadda ta ga maciji a tukunya. Dukkansu suna rantsuwa da wani aljani mai suna algoridim, wanda ba wanda ya taɓa ganinsa, kowa kuma ya san abin da yake ci. Abu ɗaya kawai suka haɗu a kai, wai gaisuwa ɓata lokaci ce. Mutanen da ba su taɓa tsallaka kwatar Zango ba, su ne za su koya wa 'yar Zango yadda ake shiga gida! An ce wanda zai ba ka riga dubi ta wuyansa. Na duba tasu, na ga da ku aka ɗinka ta, domin mabiyan nasu duk masu neman mabiya ne, ke ma kina ciki.

Kin yanke gaisuwar, kin sayi fitila mai zobe, kin koyi magana da sauri kamar kwandastan da ke kiran fasinja. Baƙi sun ƙaru, ban musa ba, suna leƙowa suna wucewa. Amma kin rame, hasken raina. Rannan wake ya kama a tukunya kina can kina gyaran fitila, abin da bai taɓa faruwa ba a hannunki. Mamunatu ta rubuto tana tambaya ko laifi ta yi miki da kika daina kiran sunanta, na gani, kuma na san kin gani. Ba na ƙin ki samu jama'a. Na san burinki rumfar nan ta zama shago mai benci da rufi, kuma wallahi burina ke nan. In sabon salo kike so, yi, ni zan riƙe miki wayar, wannan karon lemar ma a kanki za ta tsaya. Tsofaffin nan kawai nake roƙo ki bari, ai da tsohuwar zuma ake magani.

Akwai abin da nake jin kin manta, don ke ba kya komawa kallon kanki. A bidiyon da kika gaishe ni, kina rufe baki sai murya ta taso daga bayan labule. Kakarki ce, Hajiya Memuna, tana zaune tana tsince wake. Ta ce Allah ya kiyaye masa hanya, Allah ya kawo shi gida lafiya. Kin san ta, har ta koma ga Mahaliccinta a azumin bara ba ta yarda an ɗauke ta hoto ba, ko saƙon murya ba ta taɓa yi wa kowa ba. Muryarta ba ta rage a ko'ina ba sai a bayan gaisuwarki, a wuraren nan da malamanki suka ce a yanke. Tana can tana yi wa Abdul-Karim addu'a, tana yi wa Mamunatu tsiya, su ma na san suna komawa su ji. Za ki ce in sauke nawa a wayata. Na sauke, amma wayar direba yau tana aljihu gobe tana ƙarƙashin taya, kuma su da ke nesa a shafinki suka san hanyar gida.

Kullum kafin in tayar da mota sai na kunna shi. Ke ki tambaye ni hanya, ita ta yi mini addu'a, sannan in ce bismillah in murza makulli. Ba ta san sunana ba, ba ta san fuskata ba, ta roƙi Allah ya kawo ni gida, kuma dubi gidan da ya kawo ni. Ashe tun ran nan ta ba ni ke, mu ne ba mu sani ba. In kin goge ranar Juma'a, Fadilatu, wa zai sallame ni ranar Asabar?

Ko mabiyanki sun cika Kejetia sun tumbatsa, ko sun watse sun bar ki da zakaran maƙwabta, akwai mai kallo ɗaya da ba zai taɓa ture fuskarki ya wuce ba, har ranar da za a sauke shi a tashar ƙarshe.

Naki jiya, naki yau, naki muddin rai,
Abdul-Wadud, direban Kejetia